Mamman Shata

Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina (1923 zuwa 18 ga Yuni, 1999) mawaƙin baka ne na Hausa kuma ɗan siyasa, haifaffen garin Musawa da ke Jihar Katsina ta yanzu. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu, kuma ana lissafa shi a sahun farko na mawaƙan ƙasar Hausa. Mafi yawan abin da ya samu a sana'arsa daga hannun sarakuna da attajirai da manyan ma'aikatan gwamnati ya fito, amma a siyasa ya fara ne da goyon bayan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa domin ƙwato wa talakawa haƙƙinsu daga mulkin En'e da sarakuna. Daga baya ya yi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa. An binne shi a Daura, garin babban ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar.

Asali da ƙuruciya

An haifi Shata a shekarar 1923 a Musawa, wadda a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Sunansa na yanka Muhammadu. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, Bafulatana ce haifaffiyar Tofa a ƙasar Kano. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran garinsu, amma bai yi karatun boko ba.

Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. A ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba ana ce masa ɗan haye, kuma haye a kiɗa ya fi kowane haye jawo magana, domin jama'a suna kallon kiɗa da waƙa a matsayin roƙo. Saboda haka mahaifinsa bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba.

Tun yana saurayi ya yi tallar goro, daga baya ya sayar da alewa. A wurin sayar da goron ne ya samu laƙabinsa. Yakan rabar da cinikin da ya yi ga mutanen da ya tarar a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana, idan aka tambaye shi kuɗin sai ya ce ya yi shata da su, wato ya kyautar. Daga nan wani babba a danginsu ya riƙa kiransa Mai-shata, har sunan ya bi shi. Wannan sakin hannu bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Fara waƙa da zaman Bakori

Shata ya fara waƙa ne a dandali, inda samari da 'yan mata suke taruwa bayan cin abincin dare. A farko wasa ne kawai, ba neman kuɗi ba, amma ba a daɗe ba ya yi wa tsararrakinsa zarra wajen ƙirƙirar baiti nan take. Da abin ya kankama sai ya ajiye talla, ya shiga zagaya ƙauyukan ƙasar Musawa da makaɗansa.

Wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, wanda yake aikin sayen auduga da gyaɗa a ƙarƙashin En'e a Bakori, shi ya kira shi ya koma can da zama. A Bakori ya yi aurensa na fari, kuma daga can ya fara fita zuwa manyan birane kamar Katsina da Kano a ƙarshen shekarun 1940. Tauraronsa ya haska sosai a shekarar 1952, lokacin da ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, inda 'ya'yan sarauta kimanin goma sha biyu suka yi aure a lokaci guda, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A shekarar 1960 ya koma Funtuwa, garin da ke da tashar jirgin ƙasa da injin gurzar auduga, wanda ya tara 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata daga sassa daban-daban na Najeriya. Funtuwa ta zama mazauninsa har kusan shekara arba'in, ko da yake yana da gidaje a wasu garuruwa, har da Kano.

Kalangu da tsarin waƙarsa

Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ciki, wadda aka ɗaure fatunta biyu da tsirkiyoyi. Makaɗi yana rataya ta a hammata, idan ya matse tsirkiyoyin sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu yana iya kwaikwayon hawa da saukar magana, har mai sauraro ya gane take ko kirarin da ake kaɗawa. A al'ada kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba ya cikin kayan kiɗan sarauta irin su tambari da kakaki da kotso da taushi. Shata yana cikin waɗanda suka ɗaga darajarsa har ya shiga fadoji da gidajen rediyo.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne. Yana zaɓar amshi guda, gajere, 'yan amshi su yi ta maimaita shi ba tare da ƙari ko ragi ba, shi kuwa yana zuba baitoci a tsakani. Wannan ya bambanta da tsarin makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, inda 'yan amshi suke karɓar baiti su ƙarasa shi tare da jagora, abin da ke buƙatar a zauna a shirya waƙa tukuna. Tsarin Shata ya ba shi damar ƙaga waƙa a tsaye a gaban jama'a, ya saka sunan wanda ya shigo yanzu, ko ya yi magana a kan abin da ya faru jiya.

Shi kansa bai iya ƙididdige yawan waƙoƙinsa ba, kuma da yawa daga cikin na ƙuruciyarsa ba a ɗauke su a faifai ba. Ya yi waƙa a kan noma, kasuwanci, addini, tarbiyya, dabbobi, dazuzzuka, direbobi, sojoji da siyasa. Ya yi waƙa a kan kumbon Apollo 11, wanda ya kai 'yan Amurka duniyar wata a watan Yulin 1969. Bakandamiyarsa, wato waƙar da yake wasa kansa a ciki, ita ce ta fi shahara. Wasu waƙoƙinsa, musamman waɗanda suka taɓo shaye-shaye, sun jawo masa suka daga malamai, ko da yake yana da waƙoƙin yabon Annabi da na gargaɗi.

Mawaƙin fada da mawaƙin jama'a

Masana adabin Hausa suna raba makaɗa gida-gida: na fada, na sana'a, na maza, da na jama'a. Makaɗin fada yana da ubangida guda, sarki ko hakimi, wanda yake ba shi gida da gona da doki da sutura. Aikinsa ya ɗaukaka ubangidansa, ya kuma yi wa abokan hamayyarsa zambo. Ba ya iya sukar fadar da yake ci a cikinta. Narambaɗa, misali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne.

Shata makaɗin jama'a ne. Ba shi da sarautar kiɗa a wata fada da za ta ɗaure shi, kuma yana yi wa sarki waƙa yau, gobe ya yi wa direba ko ɗan kasuwa ko dogari. Tun da iyayen gidansa suna da yawa, babu mutum guda da zai iya toshe masa hanyar abinci. Wannan shi ne tushen 'yancin da ya samu na faɗin ra'ayinsa da zaɓar jam'iyyar da yake so. Sai dai 'yancin yana da iyaka, domin har yanzu kyauta ce abincinsa, kuma masu manyan kyaututtuka su ne masu mulki da masu dukiya. Rayuwarsa ta siyasa duk a tsakanin waɗannan abubuwa biyu ta gudana.

NEPU da Jamhuriya ta Farko

An kafa NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Ta yi fafutukar rage ƙarfin En'e, da hana aikin tilas, da gyara yadda ake karɓar haraji da jangali, da ba talaka damar zaɓar wakilinsa kai tsaye. Abokiyar hamayyarta ita ce NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, wadda mafi yawan sarakuna da ma'aikatan En'e suke bayanta. Alamar NEPU tauraro ce, ta NPC kuwa fartanya.

Zama ɗan NEPU a wancan lokaci ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk a hannun En'e suke, kuma an sha ɗaure magoya bayan jam'iyyar ko a yi musu bulala a kan yin taro ba izini ko zagin sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da yawa.

Waƙa ta kasance babban makami ga ɓangarorin biyu, domin mafi yawan masu zaɓe ba sa karanta jarida. NEPU tana da marubuta waƙoƙi irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu, waɗanda ake rera waƙoƙinsu a wurin lacca, kuma tun kafin su Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya riga ya share fagen sukar mulkin danniya da rubutacciyar waƙa. Makaɗan fada kuwa galibi suna tare da iyayen gidansu, kamar yadda Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna waƙa.

A wannan rabuwar kai Shata ya karkata ga NEPU, duk da cewa masu yi masa manyan kyaututtuka akasarinsu 'yan NPC ne. Ya danganta wannan ra'ayi da asalinsa na ɗan talakawa. Bai daina yi wa sarakuna da 'ya'yansu waƙa ba, su ma ba su daina kiransa bukukuwansu ba. Ya raba sana'a da ra'ayi ta yadda kowane ɓangare ya san inda ya tsaya.

Yaƙin basasa

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, ya kawo ƙarshen Jamhuriya ta Farko. Sojoji suka rushe jam'iyyu, waƙar jam'iyya ta tsaya. A cikin shekarar aka yi juyin mulki na biyu a watan Yuli, aka kuma kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka koma Gabas. Ranar 30 ga Mayu, 1967, Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara, aka fara yaƙi ranar 6 ga Yuli, 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu, 1970. Masu tarihi da yawa suna ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka mutu, mafi yawansu farar hula da yunwa ta kashe a yankin da aka yi wa ƙawanya.

Mawaƙan Hausa, na baka da marubuta, sun tsaya ne a bayan gwamnatin tarayya ta Yakubu Gowon. Shata yana cikin waɗanda suka yi wa sojoji waƙa, suka kuma yi kira ga haɗin kan ƙasa. Akwai dalilai da suka sa haka. Na farko, waƙar Hausa tana da tsohuwar al'adar zuga mayaƙa tun zamanin yaƙe-yaƙen sarakuna. Na biyu, rundunar sojan Najeriya ta ƙaru daga kimanin mutum dubu goma zuwa fiye da dubu ɗari biyu, kuma da yawa daga cikin sababbin sojojin 'ya'yan masu sauraron mawaƙan ne. Na uku, gidan rediyon Kaduna, wanda ta nan waƙa take isa ƙauyuka, na gwamnati ne, kuma ƙasar tana ƙarƙashin mulkin soja. Masanin Hausa ɗan Ingila Graham Furniss ya yi nazari a kan rubutattun waƙoƙin Hausa na wannan yaƙi.

A daidai waɗannan shekaru mawaƙan rok a Amurka da Ingila suna amfani da kiɗansu wajen adawa da yaƙin Biyetnam, kuma yaƙin Najeriya ma ya shiga cikin maganarsu. Ranar 25 ga Nuwamba, 1969, John Lennon na ƙungiyar Beatles ya mayar wa Sarauniyar Ingila lambar girmamawar da aka ba shi, yana mai nuna rashin amincewa da hannun da Birtaniya take da shi a yaƙin Najeriya da kuma goyon bayan da take ba Amurka a Biyetnam. Ƙungiyoyin rok na baya, irin su Rage Against the Machine da aka kafa a 1991, sun ɗora a kan wannan al'ada ta adawa da yaƙi. Waɗannan mawaƙa suna cin abinci ne daga cinikin faifai da kuɗin shiga wurin wasa, kuma a ƙasashensu doka ta ba su damar sukar gwamnati a fili. Yanayin da Shata ya yi sana'a a cikinsa daban ne, shi ya sa gwagwarmayarsa ta bi ta jam'iyya da akwatin zaɓe da kuma habaici.

Kansila da shugaban jam'iyya

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya kawar da En'e, ya kafa majalisun ƙananan hukumomi, abin da NEPU ta daɗe tana nema. A waɗannan shekaru na 1970 Shata ya tsaya takara ya ci kujerar kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin, a tsohuwar Jihar Kaduna. Mawaƙin da ake kallo a matsayin maroƙi ya zauna ke nan a majalisar da ake tsara al'amuran yankinsu.

A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, ya fara shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, wanda aka sani da kiran a yi siyasa ba tare da gaba ba. Daga baya ya koma NPN ta Shugaba Shehu Shagari, jam'iyyar da mafi yawan tsofaffin 'yan NPC suka taru a cikinta. Magadan NEPU a lokacin suna PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna. Wannan sauyin sheƙa ya nuna cewa Shata bai ɗaure kansa ga jam'iyya guda tsawon rayuwarsa ba.

An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ta ce kowa ya shiga ɗaya. Shata ya shiga SDP, aka zaɓe shi shugabanta na Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Bai kai ƙarshen wa'adinsa ba, domin an tsige shi bayan saɓani da ya shiga tsakaninsa da Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya, wanda shi ne babban jigon jam'iyyar a jihar. Wannan shi ne muƙamin siyasa na ƙarshe da ya riƙe. Lokacin da aka sake buɗe fagen siyasa a 1998 rashin lafiya ya riga ya kama shi, bai taka wata rawa sosai ba.

Shata da Daura

Daura tana cikin tsofaffin masarautun ƙasar Hausa, kuma a tarihin baka ita ce tushen Hausa Bakwai, garin sarauniya Daurama da rijiyar Kusugu da labarin Bayajida. Bayan jihadin ƙarni na 19 Fulani sun mulki garin, amma a 1906 Turawa suka mayar da sarautar ga tsohon gidan Haɓe ta hannun Malam Musa. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sannan Alhaji Muhammadu Bashar ya hau, ya yi mulki har rasuwarsa a 2007.

Kafin ya zama sarki, Muhammadu Bashar yana riƙe da sarautar Wamban Daura, kuma ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa ta NPC. A siyasar Jamhuriya ta Farko ke nan shi da Shata ba gida ɗaya suke ba. Duk da haka shi ne ya zama babban ubangidan Shata, kuma waƙar da Shata ya yi masa tana cikin waƙoƙinsa da aka fi saurare har yau. Shata bai zama makaɗin fadar Daura irin na gado ba, bai kuma tashi daga Funtuwa ba. Alaƙarsu ta amana ce da girmamawa, kuma ta ɗore har mutuwa ta raba.

Zambo da habaici

Mawaƙin Hausa yana da makamai uku: yabo, habaici da zambo. Yabo yana ɗaga mutum, habaici yana sukarsa ba tare da kama suna ba, zambo kuwa yana siffanta shi da abin dariya ko na ƙyama har kowa ya gane wanda ake nufi. Masanin zamantakewa M. G. Smith, a nazarin da ya buga a 1957 kan roƙo a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa maroƙa suna taimakawa wajen tabbatar da matsayin manya a cikin al'umma, kuma tsoron bakinsu yana sa a yi musu kyauta. Shata ya ƙware a makaman nan uku, kuma Gagarabadau tana cikin waƙoƙin zambonsa da suka fi suna. Da yake waƙarsa tana shiga rediyo da kaset, wanda ya yi wa zambo yakan ji ta a kasuwa da tasha da cikin mota.

Idan aka kwatanta shi da Fela Anikulapo Kuti, ɗan zamaninsa daga Legas, za a ga hanyoyi biyu na siyasar mawaƙi a Najeriya. Fela yana da gidan wasansa, yana sayar da faifansa, yana kama sunan shugabanni da sojoji yana sukarsu kai tsaye. Bayan faifansa mai suna Zombie, wanda ya yi wa sojoji ba'a, sojoji kimanin dubu suka ƙona gidansa na Kalakuta ranar 18 ga Fabrairu, 1977, mahaifiyarsa Funmilayo ta samu raunin da ya yi sanadin rasuwarta a 1978. Shata kuwa ya zauna a cikin tsarin ubangida da bara, yana yabon masu mulki, yana kuma riƙe da damar juya musu baya ko yi musu habaici. Fela ya rasu a 1997, shekara biyu kafin Shata.

Lambobin yabo da nazari

Gwamnatin tarayya ta ba Shata lambar girmamawa ta MON. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, abin da ya sa ake kiransa Dakta Mamman Shata. Ya kuma samu lambar yabo daga ƙungiyar mawaƙan Najeriya ta PMAN. Ya yi aikin Hajji, ya ziyarci ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, ya kuma je Ingila da Amurka.

Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, inda ya duba matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. A 2006 aka buga littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da wasu marubuta uku. Ɗaliban sassan Hausa na jami'o'in Najeriya da Nijar suna ci gaba da rubuta kundaye a kan waƙoƙinsa.

Rashin lafiya da rasuwa

A ƙarshen rayuwarsa Shata ya yi fama da doguwar jinya. An kwantar da shi a Kano, an kuma kai shi Jidda a ƙasar Saudiyya, inda aka yi masa aiki ya ɗan samu sauƙi. Da ciwon ya sake tashi aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76, kwana ashirin bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Ya bar mata uku da 'ya'ya 19. An kai gawarsa Daura, aka yi masa salla aka binne shi a can, Sarki Muhammadu Bashar yana cikin waɗanda suka halarci jana'izar.

Abin da ya bari

Har yau gidajen rediyo a Najeriya da Nijar da Gana suna sa waƙoƙin Shata, kuma matasa suna sauraronsu a wayar hannu da intanet. Ya buɗe wa 'yan haye ƙofar sana'ar waƙa, ya kuma nuna cewa mawaƙi yana iya tsayawa takara ya riƙe muƙami, maimakon ya tsaya a yi wa 'yan takara kiɗa kawai. Mawaƙan siyasa na bayansa sun koma ɗakin ɗaukar sauti da fiyano a maimakon kalangu, amma matsalar da ya rayu da ita tana nan: wanda yake ba mawaƙi mota da gida, sau da yawa shi ne wanda talakawa suke son a gaya wa gaskiya.

Sunansa ya kuma shiga harshen siyasa ta wata hanya. Saboda 'yan amshinsa ba sa ƙara komai a kan layin da ya ba su, Hausawa suna kiran duk wanda yake amincewa da maganar shugaba ba tare da tambaya ba ɗan amshin Shata. 'Yan jarida da masu sharhi suna yawan amfani da kalmar a kan majalisun dokoki da ke sa hannu a duk abin da gwamna ko shugaban ƙasa ya kawo musu.